Babi na Shida: Kuɗin da Ake Cirewa Kafin Albashi Ya Shigo

A takardar albashin ma'aikacin gwamnatin tarayya akwai wani layi da ido bai cika tsayawa a kansa ba. Yana cikin jerin abubuwan da aka cire, kusa da haraji da kuɗin ƙungiyar ƙwadago, an rubuta fansho. Mutum yakan tsallake shi ya gangara ƙasan takarda, inda aka rubuta abin da zai shiga banki, domin da shi za a sayi buhun masara a biya kuɗin makaranta. Amma wannan kuɗin ya sha bamban da haraji. Haraji in ya tafi ya tafi ke nan. Na fansho yana nan a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin da lambarsa, ana juya shi kullum a kasuwar kuɗi, kuma ga ma'aikata da yawa babu wata dukiya da za su taɓa tarawa da ta kai shi, in ban da gidan da suke ciki.

Mu ɗan yi lissafi. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya bayar da aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ɗora kashi 10, ana lissafawa a kan albashin asali da alawus na gida da na sufuri. A ce waɗannan ukun sun kama naira 150,000 a wata. Za a cire masa 12,000, gwamnati ta ƙara 15,000, ya zama 27,000 duk wata, wato 324,000 a shekara. Ko da ba a taɓa ƙara masa girma ba, ko da kuɗin bai haifi ko kwabo ba, a shekara 35 na aiki ya haura miliyan 11. Wanda aka ajiye wa miliyan 11 a hannun wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ba zai shekara bai leƙa shagon ba. Amma za ka sami darakta da ya rage masa shekara uku ya yi ritaya bai san a wane asusu kuɗinsa yake ba, bai ma san akwai asusu fiye da ɗaya ba.

Wannan halin ko in kula yana da asali. Kafin 2004 ma'aikaci ba ya tara komai. Gwamnati ce ta yi alkawari: ka yi mini aiki shekara 35, ko ka kai shekara 60 da haihuwa, ni kuma in ba ka garatuti, in riƙa ba ka fansho har ƙarshen ranka. Daga kasafin kuɗin kowace shekara ake biya, kuma duk shekarar da aljihun gwamnati ya yi sanyi tsofaffi ne na farko da ake cewa su yi haƙuri. Waɗanda suka girma a gidajen 'yan fansho sun san layin tantancewa: dattijo da fayil a hammata, takardar kama aiki ta yi ja don tsufa, yana zaune a ƙasa a harabar ofis tun da asuba don ya tabbatar wa wani yaro sa'an ɗansa cewa yana raye. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta kawo dokar gyaran fansho a 2004, an ƙiyasta bashin da 'yan fansho ke bin gwamnati da kusan naira tiriliyan 2. Sata kuma ta yi wa tsohon tsarin katutu, har wanda aka ɗora wa aikin tsabtace shi, Abdulrasheed Maina, kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 8 a 2021 kan halasta kuɗin haram.

Sabon tsarin, wanda aka kwaikwayo daga ƙasar Chile, ya raba aikin gida uku da gangan. Akwai kamfanin da ke kula da asusun ya yanke shawarar inda za a zuba kuɗin, wanda kowa ke kira PFA. Akwai wani kamfanin daban da kuɗin ke ajiye a hannunsa, ba shi da ikon juya shi. Sannan hukumar PenCom tana sa ido a kan su biyun. Mai yanke shawara ba ya riƙe kuɗi, mai riƙe kuɗi ba ya yanke shawara. Kowane irin ƙorafi ake da shi a kan tsarin, kuma akwai ƙorafe-ƙorafe na gaskiya, wannan rabon ya toshe babbar ƙofar da ake bi a da. Zuwa 2024 dukiyar da ke cikin asusun fansho ta haura naira tiriliyan 20, masu asusu kuma sun wuce miliyan 10.

Sai dai tsarin ya ɗauke wani nauyi daga wuyan gwamnati ya ɗora wa ma'aikaci, kuma ba a tsaya an gaya masa da kyau ba. A da an yi masa alkawarin abin da zai karɓa. Yanzu abin da aka sani shi ne abin da zai zuba. Abin da zai karɓa ya dogara ga yawan abin da ya taru da yadda aka juya shi. Ke nan ma'aikaci ya zama mai zuba jari, ko yana so ko ba ya so, kuma in bai zaɓa ba za a zaɓa masa.

Tun ranar 1 ga Yuli 2018 aka daina zuba kuɗin kowa a tukunya ɗaya. An buɗe asusu huɗu gwargwadon shekarun mutum da yawan kasadar da zai iya ɗauka. Wanda bai kai shekara 50 ba, in bai ce komai ba, ana sa shi a asusu na biyu, inda ƙa'idar da aka fara da ita ta yarda a zuba har kashi 55 cikin 100 a kadarorin da ribarsu ke hawa da sauka, irin su hannun jarin kamfanoni. Ranar da ya cika 50 sai a mayar da shi asusu na uku, inda iyakar ta sauko zuwa kashi 20. Na huɗu na waɗanda suka riga suka yi ritaya ne. Asusu na ɗaya kuwa, wanda aka ba damar kaiwa kashi 75, ba a sa kowa a cikinsa sai wanda ya nema a rubuce, kuma sai wanda bai kai 50 ba. Mai shekara 50 zai iya neman a bar shi a na biyu, amma ba zai shiga na ɗaya ba.

Me ya sa mutum zai nemi kasada da kuɗin tsufansa? Tambaya ce mai kyau, kuma wanda ya ga 2008 yana da dalilin yin ta. A shekarar nan kasuwar hannun jari ta Legas ta yi asarar kusan rabin darajarta, mutanen da suka sayar da filaye suka sayi hannun jarin bankuna suka wayi gari da takardun da ba su kai kuɗin buga su ba. Tsoron bai bar zukatan mutane ba har yau.

Amma akwai wata asara da ba ta zuwa da hayaniya, ita ce ta fi cin ma'aikata. Hatsin da ke cikin rumbu, in ƙwaro ya shiga, ƙofa tana rufe, yawan buhuna bai canza ba, sai ranar da aka kwance bakin buhu a tarar da gari. Haka hauhawar farashi ke yi wa kuɗin ajiya. A watan Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin kaya ya tashi da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda. Wanda takardar asusunsa ta nuna masa ribar kashi 15 a irin wannan shekarar zai ga lambobi sun ƙaru ya ji daɗi, alhali abin da kuɗinsa zai iya saya ya ragu sosai. Dubi naira ma. A watan Mayu 2023 dala tana kusan 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Mai miliyan 10 a asusunsa, da ta kai sama da dala 21,000, ya koma mai ƙasa da dala 7,000 ba tare da an taɓa masa sisi ba. Kuma dattijo ya fi kowa jin wannan, domin maganin hawan jini da na ciwon suga da farashin dala suke tafiya.

Fiye da rabin kuɗin fanshon Najeriya yana cikin takardun lamunin gwamnatin tarayya ne. Ba sa ɓacewa, amma ribarsu a ƙayyade take, ba ta iya bin farashi in ya ɗauki gudu. Hannun jari kuwa rabo ne a kamfanonin da ke sayar da siminti da suga da katin waya, waɗanda in kaya ya yi tsada su ma sukan ɗaga nasu farashin. A 2023 kasuwar hannun jarin ta tashi da sama da kashi 40. Ba kowace shekara ce haka ba, kuma wata shekarar za ta faɗi. Abin lura shi ne lokaci. Ɗan shekara 28 da ya kama aiki bara yana da shekara talatin a gabansa, kasuwa za ta faɗi ta tashi sau da dama kafin ya buƙaci kuɗin, kuma a shekarun faɗuwar abin da ake cire masa yana sayo masa hannun jari da araha. Ni a ganina irin wannan matashin ya cancanci ya zauna da PFA ɗinsa ya yi maganar asusu na ɗaya da gaske. Mai shekara 56 kuwa ba shi da lokacin jiran kasuwa ta farfaɗo, asusu na uku ne wurinsa.

Akwai wani dalilin da ya sa ma'aikata da yawa a Arewa ke kau da kai daga maganar fansho baki ɗaya, kuma ba a cika faɗinsa a taron wayar da kai ba. Kuɗin ruwa ne. Mutumin da ya ƙi karɓar ruwan asusun ajiyarsa na banki ba zai ji daɗin sanin cewa abin da zai ci da tsufa ya haɗu da ruwan takardun lamuni ba. Shekara da shekaru babu amsar da za a ba shi, tun da doka ta tilasta cirewa. A 2021 PenCom ta fitar da tsarin wani sabon asusu da ake kira asusu na shida, wanda ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, yana da ɓangaren masu aiki da na waɗanda suka yi ritaya, kuma kowa zai iya shiga, Musulmi ko Kirista. Ana zuba kuɗinsa a sukuk da hannun jarin kamfanonin da aka tace, waɗanda sana'arsu ba giya ba ce ko caca ko ba da rance da ruwa. Sukuk ɗin ma ba baƙon abu ba ne yanzu. Ofishin kula da basussuka na ƙasa ya fitar da na farko a watan Satumba 2017, na naira biliyan 100, aka zuba a ayyukan hanyoyi 25, masu jari kuma suna karɓar kuɗin haya a madadin ruwa. Duk mai bin manyan hanyoyin tarayya ya sha ganin allon da aka rubuta sukuk a bakin titi.

Ba a kai kowa asusu na shida sai ya nema. Wannan shi ne abin da ke damuna: malamai sun yi wa'azi, hukuma ta buɗe ƙofa, amma dubban mutanen da abin ya dama ba su cika takarda guda ɗaya ba, galibi don ba wanda ya gaya musu. Mai niyyar komawa ya tambayi PFA ɗinsa kai tsaye kashi nawa na asusun ke cikin kadarori marasa ruwa a yanzu, domin irin waɗannan kadarorin ba su wadata a kasuwa ba tukuna, kuma yana da haƙƙin a nuna masa a rubuce.

Kamfanin ma ana iya canza shi. Tun watan Nuwamba 2020 mai asusu yana da damar ɗauke kuɗinsa daga wannan PFA zuwa wancan sau ɗaya a shekara. Yawancin ma'aikata ba su zaɓi kamfaninsu ba tun farko, wakilin da ya riga zuwa ofis da fom shi ya samu. Kafin a yi ƙaura a duba ribar shekara uku zuwa biyar, ba ta wata shida ba, a kuma tambayi tsofaffin da suka riga suka fita yadda kamfanin ya yi da su lokacin biya.

Ranar ritaya tana zuwa da zaɓi biyu masu nauyi, kuma sau da yawa ana yin su a gurguje, mutum yana cikin matsin watannin da albashi ya tsaya fansho bai fara ba. Na farko shi ne yadda za a riƙa biyansa. Zai iya barin kuɗin a hannun PFA ana ci gaba da juyawa ana ba shi wani abu duk wata, gwargwadon lissafin shekarun da ake sa ran zai yi. In ya rasu, abin da ya rage na magadansa ne. Ko kuma ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora, su kuma su ɗauki alkawarin biyansa har ƙarshen rayuwarsa, ko da ya kai shekara ɗari. A nan tabbacin magada na shekara 10 ne kawai: in ya rasu a shekara ta shida za a biya su na sauran huɗun, in ya wuce goma babu gado. Wanda ya fara da PFA zai iya komawa inshora daga baya, amma wanda ya tafi inshora ba ya dawowa. Wakilan ɓangarorin biyu suna cin abinci ne da sa hannunsa, don haka kowanne zai zuzuta nasa. Mai iyali da yawa da ƙananan yara yana da dalili mai ƙarfi na barin hanyar gado a buɗe, kuma tun da ƙofa ɗaya ce ke rufewa har abada, babu abin gaggawa a shigarta.

Na biyu shi ne kuɗin da ake ba shi a dunƙule, wanda yawanci yakan kama daga rubu'in abin da ya tara. Mutane suna kiransa garatuti, amma ba garatuti ba ne, daga cikin kuɗinsa aka yanko, kuma duk abin da ya ƙaru a nan raguwa ne a abin da zai riƙa samu duk wata. A nan ne aka fi yin kuka. Tsofaffin 'yan sanda sun sha fitowa zanga-zanga suna neman a fitar da su daga tsarin kamar yadda aka fitar da sojoji da jami'an tsaron sirri, suna nuna abin da ke shigo musu a wata wanda bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Kukansu gaskiya ne. Kashi 18 na ƙaramin albashi ƙaramin abu ne, kuma waɗanda suka fara aiki kafin 2004 sun sha jiran haƙƙinsu na shekarun baya, wanda gwamnati ce za ta biya kafin a fara biyansu daga asusun, wani lokaci sama da shekara guda.

Shekarar farko bayan karɓar dunƙulallen kuɗin nan ita ce mafi hatsari a rayuwar ɗan fansho. Labari yakan riga shi isa gida. Ga auren 'ya, ga rufin ɗaki, ga ƙanen da ke da wata harka da ba ta faɗuwa. Mutumin da ya shekara 35 yana rubuta takardu a ofis sai ya sayi Adaidaita Sahu biyu ya ba yara, ko ya gina gidan kaji ya zuba dubu, bai taɓa sanin farashin abincinsu ba, bai san yadda cuta ke share keji a kwana uku ba. Ba sana'ar ce ba ta da kyau. Koyonta da kuɗin da ba za a sake samun irinsa ba shi ne matsalar. Wanda yake son kiwo ko noma ko shago bayan ritaya, ya fara da kaɗan tun yana da shekara goma a gaba, lokacin da in ya yi asara albashin wata mai zuwa zai rufa masa asiri. Dokar aikin gwamnati ma ta bar wa ma'aikaci ƙofar noma a buɗe. Tun ran gini tun ran zane.

Masu damfara kuma sun san ranar da ake biyan 'yan fansho. MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamba 2016, CBEX ta rushe a watan Afrilu 2025, kuma tsakaninsu an yi wasu da dama, har da masu fakewa da sunan kasuwancin halal. Alamarsu ɗaya ce: riba mai yawa, tabbatacciya, cikin ɗan lokaci, da ƙarin lada in ka kawo wani. Duk wanda zai karɓi kuɗin jama'a don zuba jari dole ya kasance da rajistar hukumar SEC, kuma ana iya dubawa kafin a ba shi ko naira ɗaya.

Ga mai son ƙara wani abu a gefe, hanyoyi masu aminci ba su da ƙyalƙyali. Zai iya cewa a riƙa cire masa ƙari na ganin dama zuwa asusun fanshonsa. Akwai takardar ajiya ta gwamnatin tarayya da aka fara a 2017, ana shiga da naira 5,000, ta shekara biyu ko uku. Sukuk ana shiga da 10,000 in an buɗe sayarwa. Ƙungiyar adashen ofis ma ta gina wa ma'aikata da yawa gida, matuƙar ana karanta lissafinta a bainar jama'a duk shekara. Sannan tun 2022 an yarda mai asusun da ya yi aƙalla wata 60 yana zubawa ya ɗauki har kashi 25 na abin da ya tara ya biya kason farko na rancen sayen gida. Fanshonsa zai ragu, babu shakka, amma ɗan fanshon da ba ya biyan haya ya fi mai fansho mai kauri da ke jiran takardar tashi daga mai gida.

Duk wannan bayanin ya fi shafar ma'aikacin tarayya da na jihohin da suka rungumi tsarin, kamar Kaduna da ta fara a 2017. Kano da Jigawa sun bi wata hanyar: ana cire wa ma'aikaci, gwamnati ta ƙara, amma kuɗin yana tukunya ɗaya a hannun amintattu, kuma fansho da garatuti suna bin albashin ƙarshe da shekarun aiki. Ma'aikacin irin wannan jihar ba shi da asusun da zai zaɓa. Tsaronsa ya rataya ne ga ko ana zuba abin da aka cire a kan lokaci, don haka ajiyar gefe ta fi zama masa dole, tambayar da ƙungiyar ƙwadagonsa za ta riƙa yi kuma ita ce ta kuɗin da aka cire bara: sun shiga ko ba su shiga ba?

Mai asusun kansa shi zai yi wa kansa wannan tambayar. Doka ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, kuma wanda ya yi jinkiri akwai tarar aƙalla kashi 2 cikin 100 a kowane wata. Takardar bayanin asusu tana zuwa duk wata uku, yanzu ma ana gani a waya. A bi ta wata-wata, domin giɓin wata huɗu da aka gano bana ana iya binsa, wanda aka gano bayan shekara ashirin kuwa jami'in da ya san zancen ya daɗe da barin ofis. A tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a fayil ɗin ofis da katin ɗan ƙasa da rajistar PFA. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da biyan mutum wata da watanni. Iyali kuma su san sunan kamfanin da lambar asusun, su san cewa wanda ya rasu yana bakin aiki akwai inshorar rai da doka ta wajabta, wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Sunan da aka rubuta a fom a matsayin makusanci ba ya mayar da mutum magaji shi kaɗai: PFA za ta nemi wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kotu ta rabon gado kafin ta saki kuɗin.